Me ya sa ake ƙwace wa zakaran boksin kambu alhali ba wanda ya doke shi?

Ranar 28 ga Nuwamba 2015 Tyson Fury ya je har Jamus ya doke Wladimir Klitschko ya kwaso kambu uku, na ƙungiyoyin boksin WBA da IBF da WBO, ko sati biyu ba a yi ba IBF ta ce ya ajiye mata nata. Bai sha kaye ba, ko ringin bai sake takawa ba. Laifinsa kawai ya riga ya sa hannu a kwantiragi cewa zai ba Klitschko damar ramuwa, ita kuma IBF tana da mutuminta Vyacheslav Glazkov da ke kan layi. To wannan ita ce dokar ɗan layi na dole, kuma ita ke hana a ga da yawa daga cikin karawar da jama'a ke ta jira.

Shi boksin ba shi da uwa ɗaya kamar yadda ƙwallo ke da FIFA. Ƙungiyoyi huɗu ne manya kowacce da kambunta da jerin gwanayenta: WBA mai hedikwata a Panama, WBC da aka kafa a Meziko a 1963, IBF ta Amurka 1983, sai WBO ta Puerto Rico 1988. Kambun nasu ne, kai zakara riƙo aka ba ka, kuma duk wasan da aka sa kambun a faifai sai an yankar musu wajen kashi 3 cikin 100 na kuɗin ɗan dambe. Shi ya sa ba sa gajiya da ƙirƙiro sababbi, wannan na wucin gadi wancan na musamman, WBA dai ta fi kowa wannan hali.

Ga yadda dokar take. Zakara yana da damar zaɓar abokin karawa cikin goma sha biyar ɗin farko na jerin ƙungiyar, nan ne ake lallaɓo mai sauƙi a ci kuɗi. Amma lokaci-lokaci, galibi sau ɗaya a shekara, IBF ma wata tara take bayarwa, dole ya fuskanci wanda ƙungiya ta tsayar, yawanci wanda ya ci wasan tankaɗe da rairaya. Ana ba ɓangarorin biyu wa'adi kamar kwana 30 su daidaita kan kuɗi da wuri da rana, in sun kasa sai a kai wasan gwanjo, kowane furomota, wato mai zuba kuɗi ya shirya wasa, ya rubuta abin da zai biya ya rufe a ambulan, a buɗe a gaban kowa, wanda ya fi tsoka shi ke shirya wasa. Wanda ya ƙi kuma a karɓe kambu.

Gwanjon Fury da Dillian Whyte na Janairu 2022 shi ne misalin da ya fi fitar da abin fili. Furomota Frank Warren ya taya dala miliyan 41 da ɗoriya, furomota Eddie Hearn miliyan 32 da ɗoriya, Warren ya ɗauka. Aka ware kashi 10 cikin 100 na wanda ya yi nasara, sauran aka raba 80 da 20, wato Fury wajen miliyan 29 da rabi, Whyte miliyan 7 da wani abu. Whyte ya yi ta ƙorafi kan rabon, kuma ni ban ga laifinsa ba, mutumin da ya haura kwana 1,000 yana lamba ɗaya a jerin WBC ana ta ce masa gobe jibi. Da ranar ta zo kuma a filin Wembley na Landan, turmi na shida Fury ya ɗaga masa haɓa da naushi ɗaya aka tashi.

Akwai ƙofar baya mana. Ana biyan ɗan layi kuɗin matsa gefe, kamar 1996 da ɓangaren Mike Tyson suka ba Lennox Lewis dala miliyan 4 don Tyson ya samu ya dambata da Bruce Seldon. Wani kuma ya yar da kambun da kansa, Riddick Bowe a Disamba 1992 gaban 'yan jarida a Landan ya jefa na WBC cikin kwandon shara don kar ya haɗu da Lewis ɗin dai.

Wanda ya haɗa kambu huɗu kuwa ya haɗa iyayen gida huɗu ne, kowa da ɗan layinsa, sai dai a bi su bi da bi. Oleksandr Usyk ya doke Fury a Riyad ranar 18 ga Mayu 2024 ya tattare duka, a watan Yuni ya saki na IBF saboda yarjejeniyar ramuwa, sak abin da ya samu Fury a 2015. Kambun ya faɗa hannun Daniel Dubois, sai da Usyk ya bi shi Wembley a Yuli 2025 ya sake karɓowa.

Amma fa ƙungiyar kambu ba ta da ikon cewa a hau ringi. Lasisi da gwajin likita da tsaron lafiyar ɗan dambe na hukumar ƙasar da za a yi wasan ne, kuma a nan halin kowace ƙasa ke fitowa.

A Amurka babu hukuma guda ta tarayya, kowace jiha da tata. A 2002 Nevada ta hana Tyson lasisi bayan hargitsin da ya tayar a taron 'yan jarida, sai kawai aka ɗauke wasansa da Lewis aka kai Memphis a jihar Tennessee. Abin da tarayya ke da shi dokoki biyu ne, ta 1996 mai tilasta likita da inshora a wurin wasa, da Dokar Muhammad Ali ta 2000 wadda Sanata John McCain ya tsaya mata. Ita wannan ta zo ne ana tsaka da shari'ar cin hanci ta shugaban IBF Robert Lee, wanda aka tuhuma da sayar da matsayi a jeri. Dokar ta ce manajan ɗan dambe ba zai zama yana da hannun jari wajen furomotansa ba, tunda aikin manaja ya matso wa yaronsa kuɗi ne, shi kuma furomota so yake ya biya kaɗan. Ta ce furomota ya bayyana wa ɗan dambe abin da wasan ya kawo masa, ƙungiya kuma in ɗan dambe ya nemi bayanin matsayin da aka ba shi a jeri dole ta yi masa a rubuce, sannan sharaɗin nan na sai ka ba ni wasanninka na gaba kafin ka samu damar kambu ba zai wuce wata 12 ba. A takarda doka ce mai kyau, matsalar ɗan damben da ya maka furomota a kotu wa zai sake ba shi wasa?

Birtaniya hukuma ɗaya ce ke riƙe da ragama tun 1929, ga kambun Lonsdale na gida da suke ji da shi kamar na duniya. Duk da haka an taɓa zagaye ta. A 2012 ta janye lasisin Derek Chisora bayan sun ba hammata iska da David Haye a taron 'yan jarida a Munich, sai aka ɗauko hukumar Luxembourg ta ba da lasisi, aka yi wasan a filin Upton Park cikin Landan tana ji tana gani.

Japan ce ta fi ba ni sha'awa. Can ɗan dambe sai yana ƙarƙashin wani gidan horo mai rajista kafin ya samu lasisi, kuma har zuwa 2013 hukumarsu WBA da WBC kaɗai ta sani, sauran biyun ko oho. Katsunari Takayama sai da ya ajiye lasisinsa na gida ya fita waje neman kambun IBF, ya kuma samo shi a Meziko a 2013. Da ba a sauya wannan doka ba da Naoya Inoue bai haɗa kambu huɗun nan a Tokiyo ba, a Disamba 2022 da kuma Disamba 2023 a ajin nauyi na gaba. Sannan ba sa wasa da maganar rai. Turmi 12 da ake yi a wasan kambu a duniya ya samo asali ne daga mutuwar ɗan Koriya ta Kudu Kim Duk-koo a 1982 bayan karawarsa da Ray Mancini, da can 15 ne. A Agusta 2025 da 'yan dambe biyu suka rasu bayan wasannin dare ɗaya a zauren Korakuen na Tokiyo, hukumar Japan ba ta jira kowa ba, ta mayar da wasannin kambun yankin Asiya da Fasifik da ake yi a ƙasarta turmi 10.