Kafin ku sayi man shafawa a hunturun bana

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, idan iskar hunturu ta taso daga hamada ta lulluɓe Garwa da Marwa da hazo, irin koken da muke ji a asibiti yakan canza. Zazzaɓin damina ya lafa, sai tari da mura, sai kuma matsalar fata. Yara na zuwa da ƙafafu fari fat, leɓe ya tsage. Masu tsinkar auduga da masu ban ruwan albasa hannuwansu duk sun dare. Dattawa kuwa ƙaiƙayi ne ke hana su barci, su yi ta susa har ƙwauri ya yi jini. Kusan duk wanda na tambaya zai ce ai yana shafa mai. Gaskiya yake faɗa. Inda gizo ke saƙa shi ne wane mai, kuma a wane lokaci.

Saman fatar mutum kamar katangar tubali take. Ƙwayoyin fata su ne tubalan, akwai kuma wani maiƙo da jiki ke yi da kansa wanda ke cike tsakaninsu yana riƙe ruwa a ciki. Busasshiyar iska, da ruwan zafi, da sabulu mai kaifi, duk suna cinye wannan maiƙon. Da zarar ya ragu sai ruwan fata ya riƙa ficewa, fata ta yi tauri, ta fara ɓarewa, ta tsattsage, ƙwayoyin cuta su sami ƙofar shiga. To, aikin man shafawa shi ne ya riƙe ruwan nan kada ya fita. Man kaɗe da basilin ba su da ruwan da za su ba fata, tsare wanda suka tarar kawai suke yi.

Shi ya sa nake cewa lokacin shafawa ya kusa fin irin man muhimmanci. Wata baiwar Allah ta zo mini da leda cike da kwalabe, wasu ma daga Yawunde aka aiko mata, tana cewa, "Likita, duk na gwada, babu wanda ya karɓe ni." Na ce, "Hajiya, yaushe kike shafawa?" Ashe idan ta fito wanka sai ta ɗaura zani ta ɗora tukunya, ta sallami yara makaranta, ta share tsakar gida, sannan ta zauna shafa mai. Kafin nan iska ta gama kwashe ruwan wankan kaf, man yana sauka ne a kan busasshiyar fata. Ban ba ta sabon mai ba. Na ce ta tsane jiki da tawul a hankali ba tare da gurzawa ba, ta shafa nan take cikin 'yan mintoci tun jiki na da danshi, kuma ta bar wanka da sabulun wanki. Ruwan wanka ya zama mai ɗumi, ba mai ƙuna ba, kuma a sassauta wa soso. Na san daɗin ruwan zafi da asubar hunturu, amma shi ne ke fara wanke maiƙon fata tun kafin sabulu ya taɓa ta.

Mu da muke alwala sau biyar a rana, hannu da fuska da ƙafa suna jiƙewa su bushe sau da yawa. Ajiye ɗan ƙaramin gwangwanin mai kusa da buta, a shafa kaɗan bayan an idar da salla, yana rage kaushi ƙwarai.

Yanzu ta yaya mutum zai san irin fatarsa? A wanke fuska da sabulu mai laushi, a tsane, kada a shafa komai, a jira kamar awa guda. Idan fuska ta ɗaure tana ja, ko ta yi fari-fari, fatar busasshiya ce. Idan goshi da hanci da kumatu duk sun fara ƙyalli, mai maiƙo ce. Da yawa za su ga goshi da hanci ne ke ƙyalli, kumatu kuwa a bushe, wannan gaurayayya ce. Akwai kuma fatar da ba ta son wargi, wadda da an shafa mata sabon abu sai zafi ko ƙaiƙayi ko ƙananan ƙuraje. Kuma fuska daban, jiki daban. Mutum na iya zama da fuska mai maiƙo alhali ƙwaurinsa na ɓarewa, don haka ba dole ba ne mai guda ya yi wa ko'ina.

Kayan da ke cikin man shafawa aiki uku suke yi. Wasu suna janyo ruwa zuwa saman fata, kamar gilisarin da yuriya. Wasu suna cike tsagogi su tausasa fata, kamar man kaɗe. Wasu kuma suna shimfiɗuwa a sama su hana ruwa fita, kuma a nan babu wanda ya kai basilin. Man da ake tsiyayowa daga kwalba ruwa ya fi yawa a cikinsa, yana shiga jiki da sauri amma ba ya daɗewa. Mai kauri na cikin gwangwani ya fi riƙewa. Basilin da man kaɗe zalla su ne mafi nauyi.

Mai busasshiyar fata, da tsoho, da wanda aikinsa na waje ne, a hunturu ya nemi mai nauyi. Ina so in tsaya a kan man kaɗe, domin ina ganin yadda 'yan matanmu ke raina shi suna cewa na ƙauye ne. Wannan man da mata ke dakawa su dafa a garuruwanmu shi ne kamfanonin Turai ke saye suna zubawa cikin kayan kwalliyarsu, su dawo mana da shi a kwalba mai tsada. Ga jiki da hannu da ƙafa, ban ga dalilin da zai sa mai ƙaramin ƙarfi ya bar shi ya je ya zubar da sefarsa a kan abin da bai fi shi ba. A dai duba ya zama mai tsabta, babu tsakuwa ko ɓawo, kuma bai yi warin tsufa ba. A ajiye shi a rufe, nesa da rana. Idan ya daskare da sanyi, a murza ɗan kaɗan a tafin hannu har ya narke.

Gilisarin da ake sayarwa a ƙananan kwalabe yana da kyau, amma kada a shafa shi zalla a busasshiyar fata, yana danƙo kuma yakan yi wa wasu zafi. A ɗiga kaɗan a jiƙaƙƙen tafin hannu, ko a gauraya da man da ake shafawa, sannan a bi da man kaɗe ko basilin a sama.

Mai fuska mai maiƙo ko mai ƙurajen fuska, shi ma yana bukatar mai, sai dai marar nauyi. Wasu suna ta wanke fuska da sabulu mai ƙarfi don su kashe maiƙon, fata ta bushe ta yi fushi, ƙuraje su ƙaru. Man kwakwa yana toshe ƙofofin gashi a fuskar mutane da yawa, gara a bar shi ga jiki. A nemi wanda aka rubuta "non comédogène" a jikinsa, wato wanda ba ya toshe ƙofofin gashi. Mai fata marar son wargi kuma ya nemi "sans parfum", wato marar turare, domin turaren da ke cikin mai yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ƙaiƙayi. Duk sabon mai, a fara gwada shi a cikin dantse na 'yan kwanaki kafin a kai shi fuska.

Sannan a tuna shekararmu ba hunturu kaɗai ba ce. Idan Maris da Afrilu suka zo, zafin Garwa ya haura digiri 40, man da ya cece ka a Janairu shi ne zai toshe gumi ya fito maka da ƙurajen zafi, musamman yara a wuya da baya. A lokacin a koma marar nauyi, a bar mai kauri ga diddige da gwiwa da gwiwar hannu.

Batun faso. Manomin masakwa ko ɗan acaba da ke yawo da silifa, diddigensa kan tsage har ya kasa taka ƙasa. Da dare a jiƙa ƙafa cikin ruwan ɗumi na kamar minti 10, a goge kaushin a hankali da dutsen goge ƙafa, a tsane, a cika basilin ko man kaɗe, a sa safa a kwana da ita. Kada a yanke kaushi da reza. A kantin magani akwai mai yuriya kashi 10 cikin 100 don bushewar jiki, da mai kashi 20 zuwa 25 don diddige, amma yana zafi idan tsagar a buɗe take, sai a bari ta rufe tukuna. Mai ciwon suga kuwa lamarinsa ya fi haka nauyi, domin ƙaramar tsaga na iya zama gyambon da zai ci ƙafa, kuma sau da yawa ba ya jin zafin. Baba, idan kana da suga, ka duba tafin ƙafarka kullum ko ka sa ɗanka ya duba maka, ka shafa mai sama da ƙasa, amma ban da tsakanin yatsu, wurin yana bukatar zama a bushe.

Abin da ya fi damuna a aikin nan shi ne man bilicin da ke shigowa gidaje da sunan man shafawa. Yarinya ta je kasuwa neman maganin bushewar fata, mai shago ya miƙo mata wani ya ce wannan yana "gyara kala", ko mai haɗi ta zuba mata a roba marar suna. A irin waɗannan ne ake samun sinadarai irin su hydroquinone, da clobetasol ko betamethasone, da kuma makuri, wani ƙarfe mai guba. Clobetasol da betamethasone magunguna ne masu ƙarfi da likita ke rubutawa na ɗan lokaci. Idan aka mayar da su man kullum, fata na yin siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa mai faɗi ta fito a dantse da cinya, ƙuraje da makero su bazu, rauni ya ƙi warkewa, kuma suna iya shiga jini su tayar da hawan jini da ciwon suga. Hydroquinone bayan dogon amfani yana barin baƙin tabo a kumatu wanda da wuya ya goge. Makuri kuwa ƙoda da jijiyoyi yake taɓawa, yana kai wa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. A watan Agusta na 2022 Ma'aikatar Lafiya ta Kamaru, ƙarƙashin minista Manaouda Malachie, ta haramta shigo da kayan shafa masu irin waɗannan sinadarai da yin su da sayar da su, amma har yau ana ganinsu a kasuwa. Don haka sai mai saye ya buɗe ido. A juya kwalba a karanta jerin kayan haɗi, wanda ya fi yawa shi ake fara rubutawa. Idan an ga "éclaircissant", wato mai ƙara haske, ko alkawarin haske cikin kwana bakwai, ko babu jerin ma sam, a ajiye. Wadda ba ta iya karatun Faransanci ba ta kai wa ma'aikacin lafiya ko mai kantin magani ya duba mata. 'Yar'uwa, idan kin daɗe kina shafa irin wannan, ba na zarginki, na san maganganun da ake yi wa baƙar mace a gidan biki. Amma kada ki yanke shi dare ɗaya ke kaɗai, fata na iya yin bore har jiki ya sha wahala. Ki zo da kwalbar a tsara miki yadda za ki janye a hankali.

Iyaye mata, fatar jariri ta fi tamu siriri, abin da aka shafa mata yana shiga da sauƙi. Basilin marar turare ko man kaɗe mai tsabta ya ishe shi. Kada a shafa masa man uwa, balle na ƙara haske, kuma kada a sa mai ko wani abu a cibiyar da ba ta faɗi ba sai abin da asibiti ya bayar. Yaro mai kirci yana bukatar mai kauri aƙalla sau biyu a rana, amma ban da man gyaɗa, domin shafa shi a fasasshiyar fata na iya sa jikin yaron ya ƙi gyaɗa daga baya. Zabiya kuma man shafawa ba ya kare shi daga rana. Yana bukatar man kariya daga rana na musamman, da malfa, da riga mai dogon hannu, domin ciwon dajin fata ya fi kama su.

Akwai haɗarin da ba a cika faɗa ba. Basilin da dangoginsa suna shiga zani da bargo, tufar da ta sha mai kuwa wuta na kama ta da sauri. A hunturu da ake zagaye murhu ana jin ɗumi, a kula da tsofaffi da yara, a riƙa wanke kayan barcinsu. Idan kuma an ƙone, kada a shafa mai ko man goge baki. A zuba ruwa mai sanyi a wurin na minti 20, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, a kawo shi asibiti.

Ba kowane ƙaiƙayi ne bushewa ba. Wanda ke tsananta da dare, ya fito a tsakanin yatsu, kuma ya kama mutanen gida, ƙazuwa ce, sai an yi wa kowa magani lokaci guda. Tabo mai zagaye da ke faɗaɗa, makero ne. Ƙaiƙayin duk jiki tare da ido ya yi rawaya ko ƙafa ta kumbura, sai an duba hanta da ƙoda. Farin tabo ko jaja-jaja wanda idan an taɓa shi ba a ji, a hanzarta zuwa a gwada kuturta, tana warkewa kuma maganinta kyauta ne. Wanda ya gyara wanka, ya shafa man da ya dace har mako biyu bai ga sauƙi ba, ko tsagar ta fara ruwa ko zafi ko kumburi, ya zo cibiyar lafiya mafi kusa a duba shi.