Jirgin sama sakayau: yadda iska ke ɗaukarsa da yadda ake sarrafa shi

Jirgin sama sakayau ƙaramin jirgi ne mai ɗaukar mutum ɗaya ko biyu. Galibi da bututun alminiyam da yadi mai ƙarfi ake ƙera shi, a ɗora masa injin da bai wuce na babban babur ba. Amurkawa na ce masa ultiralait, mutanen Birtaniya na ce masa maikurolait, a ƙasashen da ake Faransanci kuma ULM ake kiransa. Ƙa'idar iskar da ke ɗaga shi ita ce dai mai ɗaga manyan jiragen fasinja, amma rashin nauyinsa ya sa halinsa a hannun matuƙi ya sha bamban ƙwarai da nasu. Shi ya sa ko wanda ya daɗe yana tuƙa manyan jirage sai ya koma ɗalibi kafin ya hau shi.

Asali da doka

Tun 1907 Alberto Santos-Dumont, ɗan ƙasar Barazil da ke zaune a Faransa, ya ƙera wani ɗan jirgi na gora da siliki mai suna Demoiselle, wanda ake ɗauka a matsayin kakan waɗannan jirage. Na zamani kuwa daga fiffiken lilo suka samo asali, wato wanda mutum ke rataya a ƙarƙashinsa ya diro daga kan tudu. A 1975 John Moody, a jihar Wiskonsin ta Amurka, ya ɗaura ƙaramin inji a kan irin wannan fiffike ya tashi daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Cikin 'yan shekaru abin ya bazu, har hukumar jiragen saman Amurka ta fito da doka ta musamman a 1982, wadda aka sani da Sashe na 103.

Dokar ta ce jirgin na mutum ɗaya ne, nauyinsa ba kaya ba mai kada ya kai kilo 115, tankinsa kada ya wuce lita 19, gudunsa kada ya haura kilomita 102 cikin awa, kuma ya iya zama a sama ko da ya rage gudu zuwa kilomita 44 cikin awa. Wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa ba ya bukatar lasin ko rajista, sai dai da rana kawai zai tashi, kuma ba a kan cunkoson gidaje ba. A Turai ma'aunin ya fi faɗi, an daɗe a kan kilo 300 ga mai kujera ɗaya da 450 ga mai biyu, daga baya ƙasashe irin su Jamus da Birtaniya suka ɗaga shi zuwa 600. A can lasin wajibi ne.

Fiffike da iska

Abu huɗu ke aiki a kan kowane jirgi: nauyi na jan sa ƙasa, fiffike na ɗaga shi, farfela na tura shi gaba, iska na turje masa. Ƙarfin ɗagawa ya dogara da faɗin fiffike, da kaurin iska, da gudu, da kusurwar da fiffiken ke tarar iska. Gudu ne ya fi tasiri, domin in ya ninka biyu, ɗagawar ninka huɗu take yi.

Sirrin jirgi sakayau shi ne fiffike mai faɗi da kaya kaɗan. Jirgin da nauyinsa har da matuƙi da mai ya kai kilo 230, a kan fiffike mai murabba'in mita 14, kowace murabba'in mita kilo 16 take ɗauka. Ta Cessna 172, jirgin da ake yawan koyon tuƙi da shi, kusan kilo 70 take ɗauka. Wannan ne ya sa sakayau ke tashi daga gajeren fili, ya sauka a hankali kamar shamuwa. Kuma shi ne ya sa kowace 'yar iska ke wasa da shi. Iskar da ke kaɗawa kilomita 20 cikin awa ba ta damun babban jirgi, amma ga sakayau kusan rabin gudun saukarsa ke nan.

Idan matuƙi ya ci gaba da ɗaga hancin jirgi, kusurwar fiffike na ƙaruwa, ɗagawa na ƙaruwa, har a kai wajen digiri 15 ko 16. Daga nan iskar da ke bin bayan fiffiken sai ta rabu da shi ta hargitse, ɗagawa ta zube, hanci ya faɗi. Matuƙa na kiran wannan sitol. Abin da ya kamata a riƙe shi ne kusurwa ce ke jawo shi, don haka yana iya faruwa a kowane gudu. A kwana mai tsanani ma ya fi saurin zuwa: jirgin da ya karkata digiri 60 fiffikensa na ɗaukar ninkin nauyinsa biyu, gudun sitol kuma ya ƙaru da kashi 41 cikin ɗari. Wanda ke sitol a gudun kilomita 44 cikin awa sai ya koma yi a 62. Magani ɗaya ne, a sauke hanci.

Rashin tara ƙarfi

Nan ne zuciyar maganar take. Ka jefa dutse, ka jefa buhun leda da ba komai ciki, da ƙarfi ɗaya: dutsen ya yi nisa, ledar ta tsaya a gabanka. Jirgi sakayau ledar ne. Ba shi da nauyin da zai riƙe masa gudu, ga kuma wayoyi da bututai da tayoyi da jikin matuƙin kansa duk a fili suna tare iska. In aka kwatanta mai kilo 230 yana gudun kilomita 80 da mai kilo 1,100 yana gudun 200, ƙarfin tafiyar da babban ya tara ya ninka na ƙaramin kusan sau 30.

Saboda haka da inji ya ɗauke, gudu na zubewa cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Abin ya fi muni yayin hawa bayan tashi, lokacin da hanci ke sama, ƙasa kuma na kusa. Wasu jiragen ma injinsu a saman fiffike yake yana tura jirgin daga sama, don haka ƙara mai na danne hanci, ɗaukewar inji kuwa na sa hancin ya ƙara miƙewa sama, a daidai lokacin da ake bukatar ya yi ƙasa. Malaman tuƙi na maimaita wa ɗalibi wannan darasi har ya zama jiki: inji ya yi shiru, a tura sandar tuƙi gaba hanci ya yi ƙasa, kafin ma a tambayi me ya faru. Juyowa filin da aka baro daga ƙasa-ƙasa ya ci rayuka da yawa. A sauka a abin da ke gaba, ko gona ce.

Ba inji ma jirgin na tafiya, sai dai gangarowarsa da sauri take. Irin na bututu da yadi kan yi mita 6 ko 7 gaba a duk mita ɗaya da ya sauko, wato daga tsayin mita 300 da kyar ya kai kilomita 2. Injunan Rotax na ƙasar Ostiriya, irin 447 da 503 da 582 masu cin mai haɗe da baƙin mai, sun yi wa wannan fanni hidima sosai, amma irinsu kan ɗauke ba sallama. Gogaggen matuƙi idonsa kullum na kan filin da zai iya kaiwa in hakan ta faru.

Wajen sauka ma haka ne. Ana gangarowa da isasshen gudu, ba a miƙar da jirgin sai tayoyi sun kusa taɓa ƙasa. Wanda ya saba da jirgi mai nauyi yakan ja sanda tun yana sama da mita uku ko huɗu, gudu ya ƙare nan take, jirgin ya faɗo tim.

Iri-irin tuƙi

Mai kama da jirgi na sosai sanda gare shi da feda biyu. Sanda na ɗaga hanci da karkata fukafukai, feda na juya jela. Dogon fiffike a ƙaramin gudu na da wata ɗabi'a: in aka karkata hagu, hanci kan fara zamewa dama, sai an taka feda an daidaita. Ƙafa malalaciya ba ta tuƙa sakayau.

Akwai kuma mai ƙafa uku, wanda kekensa ke rataye a ƙarƙashin fiffike mai siffar kibiya, jikan fiffiken yadi da Francis Rogallo da matarsa Gertrude suka ƙirƙira a 1948. Shi da karkata nauyi ake sarrafa shi, kuma komai a juye yake: a tura ƙarfen riƙo gaba hanci ya ɗaga, a kai shi hagu jirgi ya yi dama. Babban haɗarinsa shi ne sitol mai tsanani da hanci a sama, wanda ke iya sa fiffiken ya kifa ya riƙa tuntsurawa har ya karye. Irin waɗannan jirage masu tafiyar hawainiya ne aka yi amfani da su wajen koya wa tsuntsaye hanyar ƙaura. A 1993 Bill Lishman ya ja garken dinya daga Ontariyo ta Kanada har Bajiniya ta Amurka.

Zafi, yanayi da lafiyar yadi

Iska mai zafi sirara ce, fiffike da farfela da inji duk ba sa samun abin kamawa sosai. Filin jirgin Kano na tsayin mita 476 daga teku, amma ranar da zafi ya kai digiri 40, jirgi ji yake kamar yana tashi daga tsayin mita 1,500. Gudun tashi ya ƙara tsawo, hawa ya yi sanyi. Da rana tsaka kuma ƙasa mai zafi na tura iska sama gungu-gungu, ga guguwa, shi ya sa masu sakayau a ko'ina suka fi son sassafe da la'asar sakaliya. Haka nan ana nisantar bayan babban jirgi ko mai saukar ungulu, domin murɗaɗɗiyar iskar da suke bari na iya kifar da shi.

Rana na cin yadin fiffike ko da launinsa bai nuna ba, don haka ana ajiye jirgin a inuwa, ana kuma gwada ƙarfin yadin da na'ura lokaci-lokaci. Jirage da yawa yanzu na ɗauke da laimar da roka ke harbawa ta sauko da jirgin gaba ɗaya, wadda kamfanin BRS da Boris Popov ya kafa a 1980 ya yaɗa. Tana bukatar tsayi kafin ta buɗe, don haka ba ta da amfani sosai ga wanda ya yi sitol dab da ƙasa.