Akwatin ƙasusuwan Yakubu ɗan'uwan Yesu: na gaske ne ko jabu?

Wane irin akwati ne wannan?

Ɗan akwati ne na farin dutse, tsawonsa kusan rabin mita. A ƙarni na farko Yahudawan Urushalima kan kwantar da mamaci a kogon kabari, bayan kamar shekara su kwashe ƙasusuwan su zuba a irin wannan akwati. Al'adar ta mutu bayan Romawa sun rushe birnin a shekara ta 70. Irinsa da aka tono suna da yawa. Abin da ya ta da ƙura shi ne rubutun Aramiyanci, harshen Yahudawan lokacin, da ke gefensa: "Yakubu ɗan Yusufu, ɗan'uwan Yesu." Masanin tarihi Yosifus ya rubuta cewa an jefe wannan Yakubu a shekara ta 62, saboda haka lokacin ya yi daidai.

Ina aka tono shi?

Nan gizo ke saƙa. Babu masanin da ya gan shi a cikin kabari. A 2002 aka bayyana shi a hannun Oded Golan, wani mai tara kayan tarihi a Tel Abib, wanda ya ce tun shekarun 1970 ya saya wurin wani dillali. Masanin tsofaffin rubuce-rubuce André Lemaire na Faransa ya duba ya ce rubutun na zamanin ne. A 2003 kuma kwamitin Hukumar Kayan Tarihi ta Isra'ila ya ce akwatin tsoho ne, amma rubutun jabu ne, domin ɓawon tsufa da ke cikin ramukan haruffan bai yi kama da wanda shekaru ke tarawa ba. Wasu masanan suka ce wanki da goga ne suka ɓata shi, kuma akwai ɓawo na asali a cikin wasu haruffan.

Kotu ba ta raba gardamar ba?

Ba ta raba ba. A Maris 2012 alƙali Aharon Farkash ya wanke Golan daga zargin ƙirƙira, amma ya fito fili ya ce hakan ba shaida ba ce cewa rubutun sahihi ne. Masu ƙara ne suka kasa kawo hujjar da ba shakka a cikinta. Yana damuna yadda ake yawan faɗin rabin farko na hukuncin a ɓoye na biyu.

In rubutun na gaske ne, an gama magana ke nan?

A'a. Yakubu, Yusufu da Yesu sunaye ne gama-gari a lokacin, kamar Musa da Ibrahim a wurinmu. Sai dai ba kasafai ake ambaton ɗan'uwa a jikin akwati ba, kuma da wannan masu goyon baya suka fi kafa hujja.

To me ya sa ba a irin wannan jayayya kan wasu kayan?

Dutsen da ke ɗauke da sunan Bilatus, gwamnan Romawa da ya yanke wa Yesu hukunci, masu tono ne suka same shi a Kaisariya a 1961. Akwatin da ake dangantawa da babban firist Kayafa an same shi a kabarinsa a Urushalima a 1990, da ƙasusuwa a ciki. Ana iya muhawara kan wane Kayafa ne, amma ba a zargin wani ya sassaƙa haruffan jiya. Na Yakubu kuwa ta kasuwa ya bi, babu kabari, babu sauran kayan da aka binne tare da shi. A ganina wanda ya fara sace shi daga kogonsa ya fi kowa yi wa tarihi ɓarna, ko da kowane harafi na jikinsa gaskiya ne.