Gwajin ciwon hanta nau'in B: me takardar lab take fada a zahiri?

*An ce min HBsAg dina fositib, shikenan na kamu ke nan?*

Eh, kwayar cutar tana jikinka a yanzu, amma kar hankalinka ya tashi tukuna. HBsAg wani furotin ne da ke jikin bawon kwayar, kamar rigarta ce, shi ake fara nema a jini. Wani likita dan Amurka, Baruch Blumberg, ya gano shi a 1965 cikin jinin wani dan asalin Ostireliya, abin da ya sa ya samu kyautar Nobel a 1976. Abin da wannan gwajin kadai ba zai gaya maka ba shi ne yaushe ka kamu. Sai an sake bayan wata 6, in har yana nan to cutar ta zauna, in ya bace jiki ya kore ta.

*To wanda aka ce anti-HBs dinsa fositib fa?*

Wannan albishir ne wallahi, kuma yana damuna yadda mutane ke ganin kalmar fositib su rasa barci. Anti-HBs garkuwa ce da jiki ya kera, in ta kai 10 mIU/mL ko sama bayan rigakafi ana daukar mutum ya samu kariya. Akwai kuma wata garkuwar, anti-HBc, ita ce mai tona asiri, don allurar rigakafi ba ta kawo ta, duk wanda aka gan ta a jininsa to ya taba haduwa da cutar kanta ko da ya warke.

*Me ya sa jarirai suka fi shan wahala?*

Nan ne abin mamakin yake. Kwayar ba ita ke kashe kwayoyin hanta kai tsaye ba, sojojin jiki ne, musamman wadanda ake kira CD8, suke bi suna kashe duk kwayar hantar da cutar ta shiga, shi ya sa za ka ga ALT, wani sinadarin hanta da ake aunawa a jini, ya hau a takarda, alamar ana gwabzawa ce a ciki. Babban mutum garkuwarsa na tashi da karfi, yana iya yin shawara idonsa ya yi dorawa amma sama da kashi 95 cikin 100 suna warkewa, jariri kuwa garkuwarsa ba ta tashi yakin sosai, sai cutar ta samu wurin zama, kusan kashi 90 na wadanda suka kamu wajen haihuwa suna rike ta har girma. Dalilin da ya sa ake matsa wa a yi wa jariri allurar rigakafi cikin awa 24 da haihuwa ke nan.

*Jinin da aka tantance don kara wa marar lafiya zai iya boye cutar?*

Zai iya, ko da yake ba kasafai ba. Akwai makonnin farko bayan kamuwa da HBsAg bai fito ba tukuna, akwai kuma masu boyayyiyar cutar, HBsAg negatib amma DNA din kwayar na nan kadan-kadan. Shi ya sa cibiyoyin karbar jini masu hali suke kara gwajin NAT mai neman DNA din kai tsaye.

*Ina aka kwana kan magani?*

Tenofovir da entecavir suna danne ta sosai, sai dai kwayar tana ajiye kwafinta da ake kira cccDNA can cikin kwayar hanta inda maganin ba ya taba shi, in aka daina sha tana iya dawowa. Masu bincike yanzu kokarinsu biyu ne, yadda za a rushe wannan kwafin da yadda za a farfado da sojojin da suka gaji saboda dadewar yaki, kuma mutum miliyan 254 masu dauke da cutar ne ke jiran wannan aikin a kiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022.