Agajin lalacewar mota da ɗaukar mota bayan haɗari a Birtaniya

Agajin lalacewar mota da ɗaukar mota bayan haɗari hidimomi ne guda biyu da masu mota a Birtaniya suke yawan cakuɗawa, domin a ido janwe ɗaya ce take zuwa ta ɗauke mota daga bakin titi. Abin da ya raba su shi ne dalilin da ya tsayar da motar, da kuma aljihun da kuɗin aikin zai fito. Idan motar ce ta gaza da kanta, batir ya mutu ko injin ya ɗau zafi, aikin na kamfanin agaji ne, wanda mai mota yake biyansa duk wata ko duk shekara. Idan kuwa karo aka yi, ko mota ta ƙwace ta faɗa rami, magana ta koma hannun kamfanin inshorar mota, wani lokaci ma hannun ƴan sanda.

Asali

Kamfanonin agajin sun samo asali ne daga ƙungiyoyin masu mota. An kafa ƙungiyar RAC a 1897, aka kafa ƙungiyar AA a 1905. Abin mamaki, AA ba da gyaran mota ta fara ba. Dokar 1903 ta hana gudun da ya wuce mil 20 a awa ɗaya, ƴan sanda kuma suna laɓewa suna kama masu ƙetare ta, sai ƙungiyar ta ɗauki masu kekuna suna kewaya hanya suna yi wa membobinta ishara cewa akwai tarko a gaba. Daga baya ne waɗannan masu sintiri suka koma kanikawa. A 1973 AA ta fito da tsarin Relay, wanda yake ɗaukar motar da ta ƙi gyaruwa ya kai ta inda mai ita ya nufa. Green Flag, da aka kafa a 1971 da sunan National Breakdown Recovery Club, ya bi wata hanya dabam: ya ƙulla yarjejeniya da garejoji masu zaman kansu a faɗin ƙasar, wanda ya fi kusa shi ake turawa.

Akwai irinsu a wasu ƙasashe, kamar ADAC a Jamus (1903) da AAA a Amurka (1902). Ita kanta janwe a Amurka aka ƙirƙiro ta, a hannun Ernest Holmes na garin Chattanooga, a 1916.

Tilasta inshorar mota kuwa ya zo ne da dokar hanya ta 1930, kuma a yau dokar 1988 ce take aiki. Inshorar da take biyan wanda aka yi wa ɓarna wajibi ce a kan duk mai tuƙi, agajin lalacewar mota kuwa ganin dama ne. Ba a kama kowa don ba shi da shi.

Abin da agajin lalacewa ya ƙunsa

Burin bakaniken da aka turo shi ne ya tayar da motar a inda ta tsaya. Mafi yawan kiran da ake yi na batir ne da taya, sai zafin injin, da ƙarewar mai, da matsalar wayoyi. Idan gyara ya gagara a wurin, sai a ja motar zuwa gareji na kusa, wanda a ƙaramin tsarin agaji yawanci ba ya wuce nisan mil 10.

Daga nan komai da kuɗinsa. Ƙaramin tsari ba ya aiki sai motar ta yi nisan fiye da rubu'in mil daga gidan mai ita, don haka wanda motarsa ta ƙi tashi a ƙofar gida da safiyar hunturu, lokacin da batir ya fi mutuwa, sai ya sayi ƙarin tsarin zuwa gida kafin a zo masa. Akwai tsarin da yake kai mota da fasinjojinta ko'ina a cikin ƙasar, da wanda yake ba da motar haya ko kwanan otal ko kuɗin jirgin ƙasa, da wanda yake bin mutum har nahiyar Turai. Ana iya ɗaura yarjejeniyar a kan motar, ko wane ne yake tuƙa ta, ko a kan mutumin, kowace mota ya shiga. Kuɗin kayan gyara da aikin gareji ba sa ciki sai an saye su dabam.

Kiran kamfanin agaji ba ya taɓa rangwamen da kamfanin inshora yake yi wa direban da ya shekara bai nemi diyya ba.

Ɗaukar mota bayan haɗari

A nan ba a maganar tayar da mota. Motar da ta yi karo tana iya zama da sitiyari a karkace ko mai yana zuba, ko ta kife, ko ta bar kwalta gaba ɗaya, sai an sa igiyar ƙarfe ko ƙugiya an fito da ita, an ɗora ta a bayan babbar mota, an share gilasai da man da ya malale. Inda ake kai ta ma dabam ne: wurin ajiya ko garejin gyaran bodi da kamfanin inshora ya amince da shi, inda injiniya zai duba ya ƙiyasta ɓarnar. Idan kuɗin gyara ya kusa kai darajar motar, sai a yanke cewa ta tashi aiki. Tun Oktoban 2017 ana kasa irin waɗannan motoci gida huɗu: A a murƙushe ta ɗungurungum, B a cire kayan da za su moru a lalata gangar jikin, S ɓarnar ta taɓa ƙashin motar amma tana gyaruwa, N ɓarnar ba ta taɓa ƙashin ba.

Wanda yake da cikakkiyar inshora, kamfaninsa ne yake biyan ɗaukar motar a cikin diyyar da ya nema, bayan an cire kason da aka yi yarjejeniya shi zai riƙa biya da kansa. Wanda yake da inshorar dole kawai, kuma shi ne mai laifi, daga aljihunsa zai biya. Idan ɗaya direban ne mai laifi, ana karɓo kuɗin daga kamfanin inshorarsa. A wannan gaɓar ce kamfanonin kula da haɗari suke shigowa, suna ɗauke mota suna ba da ta haya ba tare da karɓar ko kwabo nan take ba, da niyyar su karɓa daga wancan ɓangaren. Tsarin yana da amfani, sai dai takardar da ake sa wa hannu ta bashi ce, kuma idan wancan kamfanin ya ƙi biya, rigimar tana iya dawowa kan mai motar.

Ƴan sanda suna da ikon sa a ɗauke motar da ta tare hanya ko take barazana ga jama'a, ƙarƙashin dokar zirga-zirgar hanya ta 1984, ba tare da jiran janwen da mai ita ya kira ba. A Ingila da Wales, tun Afrilun 2023, kuɗin ɗauke ƙaramar mota da take tsaye a kan titi ba ta yi mummunar lalacewa ba fam 192 ne, ajiya kuma fam 26 kowace rana. Kuɗin yana hawa idan motar ta kife ko ta bar titi. Doka ta kuma wajabta wa direba ya tsaya bayan haɗari, idan bai ba da sunansa da adireshinsa a wurin ba ya kai rahoto ga ƴan sanda cikin awa 24.

Inda iyakar take rikicewa

Gardama ta fi tasowa a tsakiya. Taya ta fashe a ramin hanya, wannan kamfanin agaji zai zo ya canza. Amma idan ramin ya lanƙwasa ƙafar motar, ana iya lissafa shi a matsayin haɗari. Birki ya tsinke mota ta daki bango: lalacewa ce ta jawo, amma tunda an yi karo, inshora ce take ɗauka. Shiga ambaliya, maƙalewa a taɓo, sata, gobara da ɓarnar ɓata-gari galibi an cire su daga yarjejeniyar agaji ko an sa musu kuɗi na dabam. Zuba fetur a motar dizal ya danganta da kamfani. Wasu kamfanonin agaji suna zuwa wurin haɗari su ɗauki motar, su nemi kuɗinsu daga inshora ko daga mai ita, shi ya sa mutane da yawa suke zaton haɗari yana cikin abin da suka biya. Rubutun da ke cikin yarjejeniyar ne kaɗai yake raba gardamar, kuma masu karanta shi kafin su shiga matsala ba su da yawa.

Motocin lantarki sun ƙara kusanto da ayyukan biyu. Yawancinsu ba a jan su tayoyi a ƙasa, sai an ɗora su ko da caji ne kawai ya ƙare, batirin da ya bugu a haɗari kuma yana iya kamawa da wuta bayan kwanaki, don haka ana ajiye irin wannan mota nesa da sauran.

Alaƙa da Najeriya

Najeriya ta gaji tilasta inshorar mota daga Birtaniya ta hanyar dokar 1945. Tun Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta NAICOM ta mayar da kuɗin inshorar dole ta ƙaramar mota naira 15,000 a shekara, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3, amma ba ta biyan jan motar mai ita. Biyan kuɗin agaji tun kafin mota ta lalace bai yaɗu ba, akasarin direbobi bakanikensu suke kira ko su yi ciniki da mai janwe a wurin. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, da aka kafa a 1988, ita take janye motocin da suka tare manyan hanyoyi, lambarta ta gaggawa kuma 122 ce.