Waiwaye: yadda C60 mai zafi ke fashewa da yadda take hucewa

A 1985 ne masana kimiyya Kroto da Curl da Smalley suka gano C60 a Jami'ar Rice ta Amurka, wani keji mai siffar ƙwallo da zarrar kabon 60 suka haɗa. Ba a jima ba aka lura cewa idan leza ta zafafa ta, ba ta wargajewa lokaci guda. Zarra bibbiyu take zubarwa, ta koma C58, sannan C56, kejin yana sake rufuwa, har wajen C32. Abin da ya raba kan masana shi ne yawan makamashin da ke ɓalle C2 ta farko, wato zarra biyun farko.

Gwaje-gwajen farkon shekarun 1990 sun yi ta ba da eV 4 zuwa 7 (eV ma'aunin makamashi ne), lissafin kwamfuta kuwa ya kafe a kan 11 zuwa 12.

Matsalar tana cikin yadda ake fassara awon. C60 tana da hanyoyin girgiza 174, kuma zafi yana bazuwa cikinsu duka. Kafin ta fashe cikin 'yan mikrosakan, sai ta tara kimanin eV 40, zafinta ya haura Kelvin 3000. Ke nan ba a auna ƙarfin haɗin kai tsaye, daga saurin fashewa ake ƙiyasta shi. Ga kuma abin da aka yi sakaci da shi, wanda a ganinmu ya fi muhimmanci: fashewa ba ita kaɗai ce mafita ba. Tana iya sakin ilektiron bayan ɗan jinkiri, kamar yadda Campbell da abokan aikinta suka gani a 1991, ko ta fitar da haske ta huce. Wadda ta huce ba ta ƙara fashewa, don haka lissafin da bai sa hasken ba dole ya karkace.

Zoben ajiyar ayon (ƙwayoyi masu cajin lantarki) na ELISA da ke Aarhus a Denmak ya taimaka ƙwarai. Ana barin ƙwayoyin suna zagayawa ana ƙirga masu fashewa. Da farko adadin yana raguwa daidai da 1/t (t shi ne lokaci), sai ya faɗi da sauri idan hucewa ta rinjayi fashewa, kuma daga wannan lanƙwasa ake karanta saurin hucewar. Wajen 2001 aka fara daidaitawa a kan eV 10 zuwa 11.

Daga baya hankali ya koma kan ƙananan sarƙoƙin kabon. Tun 1988 Léger da abokansa suka yi hasashen cewa zafin girgiza yana iya komawa kan ilektiron ya fita a matsayin haske, sai a 2016 aka kama wannan hasken kai tsaye daga C6⁻, sarƙar zarrar kabon shida mai caji, a Tokiyo. Masu nazarin sararin samaniya na buƙatar waɗannan alƙaluma, domin saurin hucewa ne ke nuna ko C60, wadda aka hango a Tc 1, wani gajimaren iskar gas da ke sararin samaniya, a 2010, za ta jure hasken taurari.