Adadin da aka sanar ba shi ne adadin da aka binne ba

Har yau a majalisun Garwa da Injamena za ka ji ana cewa korona ciwon Turawa ce, tunda mace-macen da Chadi ta sanar ba su kai 200 ba, alhali Amurka ta haura miliyan ɗaya. Wannan lissafin akwai gyara.

Alƙaluman hukuma suna ƙirga wanda aka gwada ne, aka tabbatar da cutar, sannan ya rasu. To, a wajenmu dattijo nawa ake kaiwa gwaji? Zazzaɓi ya kwantar da shi, a ce masassara ce, ya cika da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Ba likita, ba takardar mutuwa. Wannan bawan Allah bai shiga lissafin kowa ba.

Shi ya sa masana suka fi dogara da rarar mace-mace, wato a duba mutum nawa suka saba rasuwa a shekara, a ga abin da ya ƙaru. Da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta rarar mace-macen mutum miliyan 14.9 a duniya a 2020 da 2021, yayin da ƙasashe suka sanar da miliyan 5.4. Shi ma ƙiyasi ne, domin inda babu rajista sai an yi kirdado.

Amma fa masu majalisa ba su yi kuskure gaba ɗaya ba. Cutar ta fi kashe tsofaffi, kuma kusan rabin mutanen Chadi ba su wuce shekara 15 ba. Kwatanta su da Italiya, ƙasar tsofaffi, sai an jera sa'a da sa'a.